Katako Mai Lamba Sha Bakwai

Ranar Asabar a Toledo
kamfani ya ce mai kwamfuta ya ajiye kwamfuta,
mai tsintsiya ya jingine tsintsiya,
kowa ya ɗau guduma.
Aka raba mana riguna korra sharr
masu hoton bishiya a ƙirji.
Tawa ta matse ni a hammata.

Ni aikina shara.
Shekara tara ina bin sawun 'yan kallo
a filin ƙwallon garin nan.
Mutum dubu goma su yi ihu su watse,
su bar mini kofunan roba,
ɓawon gyaɗa, da rabin burodi
mai shatin haƙori.

Bara aka ce mun fara tausayin ƙasa.
Kwandon shara ya zama uku,
ruwan sama ake tara wa ciyawa,
rufi ya sha faranti masu zuƙar rana.
Na ce madalla.
Amma wanda ya rubuta dokar
bai taɓa tsoma hannu a kwando
ya ware kofi daga ƙashin kaza ba.

Da aka ɓamɓare tsofaffin bencina
sai wani ya ce kada a kai juji,
akwai fili a bayan layin dogo,
akwai wata mata, Loretta,
mai tuƙa motar 'yan makaranta,
haya ta kore ta sau huɗu
da 'ya'ya biyu da firji ɗaya.

Muka je.
Mista Whitlock, babban manaja,
ya buga ƙusa uku, ya bugi babban yatsa,
mai hoto ya ɗauka kafin yatsan,
sha biyu na yi ya shiga mota.
Ban zarge shi ba.
Jinka ba ta tambayar hannu
ko don Allah ya zo.

Mu muka rage:
ni, da Priscilla mai sayar da tikiti,
da wani dogon yaro mai tsaron raga
da ba a taɓa sa shi wasa ba,
ga shi nan yana cafe katako
kamar duniya na kallo.

Babana magini ne a Gumel.
Yakan taka ƙasa da ƙafa kwana uku
kafin ya yarda ta zama tubali.
Da ya ga gidan nan na itace
da an sha dariya:
Sallau, wannan ai akurki ne.
Duk da haka, da na ɗora ma'auni a bango
na ji idonsa a ƙeyata,
na zare ƙusar, na sake.

Wajen la'asar Loretta ta tsaya cak.
Katakon da zai zama dokin ƙofa
yana da lamba, sha bakwai, da farin fenti,
ƙarƙashinsa busasshen cingam,
da sunan wasu masoya biyu
da aka kankare da makulli.
Ta ce, ka san ban taɓa shiga filin nan ba?
Kuɗin tikiti cefanen mako ne.
Ta shafa lambar da tafin hannu.
Priscilla ta miƙo gwangwanin fenti,
ta ce a'a, bar mini ita.

Ƙaramin ɗanta ya zauna a kai
tun ba a kafa ba,
yana kaɗa ƙafa,
yana kallon wurin da taga za ta kasance.

Litinin da asuba na koma.
An yi wasa jiya, an ci mu biyu.
Kanta ta fashe a tafina,
tsintsiya tana cizo.
A sabuwar kujerar roba, layi na uku,
lamba sha bakwai,
wani ya bar kofi da sauran lemo.
Na zubar wa ciyawa,
na jefa shi a kwandon tsakiya.